Yadda Aka Tarbi Las a Gonar Kausani

Daminar bana na roƙi jikana ya ɗauke ni a babur ya kai ni gonar da ƙarfina ya daina kaiwa, don in ga abin da ake ciki. Na tarar da yaro ɗaya tak, ya goya tankin feshi a baya, ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya toshe kunnuwansa da wayar jin waƙa, yana bin shuka yana fesa wa ciyawa magani. Babu ganga, babu guɗa, babu mai ce masa sannu. Kafin in gama gyara zama a gindin ɗorawa har ya kai ƙarshen gona ya juyo. Ban ce aikinsa bai yi ba, kada in ɗauki alhakinsa, ciyawa dai ta mutu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a gonar nan yanzu babu na gaba, babu na baya. Da muka koma gida na iske ƙannensa a zaure suna buga kati, ɗaya ya maka nasa a tabarma ya ce, "Las kad!" Sai na ɗago kai kamar an kira ni. Ba su lura ba. Ba su san kakansu ya yi shekaru yana amsa rabin wannan kalma a matsayin suna ba.

Kalmar ta shigo mana Wudil ne ta bakin malaminmu na elementare, tun Turawa ba su tafi ba. Da safe akan buga wani guntun ƙarfen mota da aka rataye a bishiyar darbejiya, yara su sheƙo daga kowace unguwa su yi layi. Malam yakan tsaya da 'yar sandarsa a hammata, ya jira ƙura ta lafa, sannan ya ce, "Wane ne las?" Duk wanda ya shiga layi a ƙarshe, shi zai ɗebo ruwa ya yayyafa wa daɓen aji. To ni ne. Kusan kullum ni ne. Kuma ba nisan gida ba ne, don gidanmu yana nan kusa da kogi, ana jin ƙarfen daga tsakar gida. Abin da ke faruwa shi ne, sai na fito na kama hanya, sai zuciyata ta ce, anya ka ɗaure akuya da kyau? In koma in duba, in tarar a ɗaure take. In sake fitowa, sai ta ce, randar da ka sha ruwa fa, ka mayar da faifai? Haka nake tun ina ƙarami, haka nake har yau. Ina so kuma a fahimci abu ɗaya, domin mutane kan rikita: ban taɓa zuwa las a jarrabawa ba. A tsakiya nake zama. Amma suna idan ya kama mutum ba ya tsayawa tambayar dalili.

Kafin mu fita daga makarantar kalmar ta tsallake katanga ta shiga gari, kuma kowa da yadda ya riƙe ta. A bakin Malam laifi ce. A bakin yaran mota ranar Juma'a, ranar da kasuwa ke ci, kira ce: "Kano las! Kano las!" Mutum ya taho da gudu yana haki da buhunsa a ka, ya hau, ya zauna, sai ya ga an ci gaba da kiran las ɗin har la'asar. A bakin mai tsire ragowar tsinkaye ce, wadda yake sakin ta da araha idan zai tashi. Mu kuwa yara, idan za mu wanka a kogi mukan yi tsere daga bakin gada, wanda ya zo las shi ke gadin riguna. Na yi gadin rigunan Wudil da yawa, kuma ko ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Inna ce kaɗai ta ƙi kalmar. Idan abokaina suka tsaya a ƙofar gida suna kira, "Las! Las, fito!" sai ta ɗaga murya daga bakin murhu ta ce, "Babu mai wannan suna a gidan nan. Wannan wace irin magana ce da ke mayar da na ƙarshe abin dariya? Mu na ƙarshenmu auta ne, shi ake goyo ya fi kowa daɗewa. Wanda ya rage a kwano kuma shi ke shan romo." Ni dai sai in fita in amsa, don ba na son a tsaya ana jirana.

Da na bar makaranta na koma gona, kamar yawancinmu. A lokacin ba a san feshi ba, ba a san ɗan ƙwadago sosai ba, gayya aka sani. Mai gona ya sa rana, a gaya wa samari, mata su kwana biyu suna daka. Ranar gayya tun hantsi bai yi ba za ka ji gangar noma tana kiran mutane daga nesa, muryarta mai kauri, kamar daga cikin ƙasa take fitowa. Samari su jeru a bakin gona, kowa ya kama kunyarsa, makaɗi yana biye da su a baya yana kiran kowa da kirarinsa. Sai ka ji fartanyoyi suna faɗuwa tare, cas, cas, cas, ƙamshin danyar ƙasa ya tashi, balbelu suna bin sawu suna tsintar tsutsa, 'yan mata a gindin bishiya suna tafi. Akwai ƙa'idoji biyu da kowa ya sani. Na ɗaya, ba a buɗe fura ko tuwo sai fartanyar ƙarshe ta tashi daga ƙasa. Na biyu, wanda ya gama tasa kunyar ba ya zama, sai ya shiga ta wanda aka bari a baya daga ɗaya ƙarshen, ya nomo yana tahowa har su haɗu. Wannan shi muke ce wa tarba. Dattawa kan ce a nan ake gane wanda ke da mutane, don wani sai ka ga uku sun rugo tarbarsa, wani kuwa sai an yi ta kallon juna. Ni an tarbe ni a kowace gayya. Dalili kuwa, ba na iya wuce ciyawa. Idan harƙiya ta fito dab da gindin gero, ina tsoron in sa fartanya in sare shukar mutane, sai in ajiye in sa yatsa in cire, in karkaɗe ƙasar saiwar, in kifar da ita sama don rana ta kashe ta. In yi gaba kaɗan, in waiwaya in duba.

Sai ga maganar aure ta taso. Yarinyar 'yar Kausani ce, takan kawo ƙuli-ƙuli kasuwa tare da kakarta. Abin da ya fara haɗa mu, na sayi ƙuli na tafi, na dawo don ina zaton ta ba ni fiye da na kuɗina. Ta dube ni ta ce, "Gyara ne, malam. A garinku ba a yin gyara?" Kakar ta yi ta dariya har da riƙe ciki, daga ranar ta sa mini suna angonta. Baffana ya je ya ga mahaifinta, wani dattijo mai dogon shiru wanda aka ce ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce akwai wani yaro ɗan Lajawa da shi ma ya turo, a bari a yi maimai, wato noma na biyu, sannan zai yi magana. Kowa ya san ma'anar wannan. Ɗan Lajawan nan kuwa barden noma ne, ƙato, wanda makaɗa ke rige-rigen bi. Ya kawo gayyarsa gonar dawar tsohon, suka share ta kafin azahar, labari ya cika kasuwa. Saura gonar geronsa, ita aka bar wa tawa gayyar. Idan na kai gayya aka ga mai neman aure a can baya ana jiransa, to ni dai a ganina magana ta ƙare.

Babban abokina, ɗan mahauci ne mai faɗin ƙirji da son raha, shi ya tara mini samari. Ya same ni ina wasa fartanya a kan dutse, wadda na riga na wasa jiya da shekaranjiya.

"Las, za ka cinye ƙarfen nan," in ji shi. "Saurara. Gobe a tsakiya za mu sa ka. Ni a damanka, ƙanena a hagunka. Kowa zai riƙa sharo gefen taka kunyar yana wucewa. Kai dai ka sunkuya, ka riƙa kaɗa hannu, ka yi gaba. Gaba fa na ce. Ka san inda gaba take?"

"Idan aka gane fa?"

"Wa zai gane? Tsohon ba ya fitowa sai an kusa gamawa."

"Amma wannan ba ha'inci ba ne?"

"Ha'inci shi ne ka tara mu mu wuni da yunwa. Ka yi wa Allah, gobe kada ka waiwaya."

Na yi masa alkawari, kuma na so in cika. Da safe muka isa Kausani, an yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ƙasa ta yi laushi, gero ya kai gwiwa yana ta sheƙi. Makaɗi ya saki ganga, muka sunkuya. Zuwan farko lafiya lau, har na ji ana cewa, "A'a, yau Las ya sha wani abu!" A na biyu ne idona ya faɗa kan gefen da abokina ya share mini. Ba nomewa yake yi ba, ƙasa yake turawa a kan ciyawar ya binne ta. Ga kunnen kiri-kiri nan yana leƙowa. Ruwa ɗaya za a yi ta miƙe, kuma a layina take, a gonar mutumin da nake so ya ba ni 'yarsa. Na ce bari in cire wannan ɗaya kawai. Da na cire sai na ga wata.

"Las!" abokina ya yi mini raɗa mai ƙarfi ta ƙarƙashin hammata. "Me muka ce jiya?"

"Guda ɗaya ce."

"Wallahi ka ji kunyar mahauta. Taho!"

Haka muka yi ta yi, suna ja na ina komawa, har rana ta take tsaka aka zo zuwan ƙarshe. A daidai nan tsohon ya fito, da babbar rigarsa da malfa, ya tsaya a gindin ɗorawa inda mata suka jera ƙoren fura da akusan tuwo. Yanzu babu damar a taimake ni a ɓoye. A fili ma babu, domin a wajenmu ba a tarbar mai neman aure a gaban surukinsa, layinsa na ƙarshe nasa ne shi kaɗai. Ɗaya bayan ɗaya samari suka kai ƙarshe suka ɗaga fartanya sama suna ihu. Suka taru a inuwa. Na duba gabana, ban ko kai rabi ba.

Makaɗi ya dawo ya tsaya a kaina, don aikinsa ke nan. Ya sassauta kiɗa ya fara: "Las na Malam, Las mai lallashin ciyawa! Kowa sara yake, kai sallama kake mata!" 'Yan mata suka ɗauka suna amsawa da tafi. Ban ɗago ba, amma na san yarinyar tana cikinsu, kuma na san ba ta yin tafin. Gumi yana shiga mini ido. Zuciyata ta ce, yi sauri ka binne kamar kowa. Hannuna ya ƙi.

Sai ganga ta tsaya cak. Na saci kallo. Tsohon ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa wani yaro, ya naɗe ƙafar wando, ya karɓi fartanya a hannun abokina, ya taka har ɗaya ƙarshen layina, ya sunkuya. Mai gona da kansa, a ranar gayyarsa, ya shiga tarbar mai neman 'yarsa. Ba a taɓa yi ba.

Yaran yanzu da ke zama kujera ɗaya da surukansu suna kallon ƙwallo ba za su gane halin da na shiga ba. Mu a lokacin idan ka hango surukinka a hanya, ratsewa kake yi, ka cire takalmi, ka tsuguna, idonka a ƙasa har ya wuce. To ga shi yana tahowa kaina kai tsaye. Idan na ci gaba, za mu yi karo da ka, ko in sare masa ɗan yatsa. Idan na tsaya, a ce na bar wa dattijo aikina. Idan na yi sauri, in bar ciyawa a gaban idonsa. Da na rasa abin yi sai na ƙara rage sauri, ko Allah zai kawo mafita kafin mu haɗu. Amma na daɗe ina noma ban ji ya iso ba. Na sake satar kallo, sai na ga ya ajiye fartanya, ya sa yatsa a gindin gero ya ciro harƙiya, ya karkaɗe saiwar, ya kifar da ita sama. Ya matsa kaɗan. Ya waiwaya ya duba.

Daga inuwa aka fara gunaguni, sannan dariya ta ɓarke. Abokina ya ɗaga murya, "Baba, a yi mana rai! Fura ta fara tsami!" Tsohon ko gezau. Sai kakar yarinyar, wato mahaifiyarsa, ta miƙe da sandarta, ita da babu wanda ya isa ya hana ta magana, ta ce, "Ku zauna ku huta, 'ya'yan nan, ba yanzu ba. Wancan ni na haife shi, tun yana yaro tuwonsa bai taɓa riskarsa da zafi ba. Na ce Allah Ya yi shi shi kaɗai a duniya, ashe akwai wani a Wudil an ɓoye mini. Angona, kai ma haka za ka yi mini?" Makaɗi ya ga abin ya zama wasa, sai ya sake kiɗa, ya koma bugu ɗaya-ɗaya, a hankali, daidai da tafiyarmu. Samari suka tashi suna rawa a kansa kamar masu tafiya cikin ruwa, kowa ya ɗaga ƙafa sai ya daɗe kafin ya sauke. Har mata suna share hawaye.

A ƙarshe dai muka haɗu, gindin gero ɗaya ne tsakaninmu. Na ajiye fartanya na tsuguna, kaina a ƙasa.

"Barka da aiki, Baba."

"Barka kadai. Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"Mutan gida lafiya? Baffan naka?"

"Lafiya lau, suna gaisuwa."

"Madalla." Sannan ya ce, "Wannan suna da makaɗi ke ta kiranka da shi, mene ne?"

"Turanci ne, Baba. Wai na ƙarshe."

"Zagi ne?"

Da wani ne sai ya ce a'a ya huta. Ni kuwa tsoro nake in gaya wa dattijo abin da ba cikakke ba. Na ce a makaranta dai kusan zagi ne, amma ba sosai ba. A tasha kuma kiran fasinja ne, sai dai ba gaskiya suke faɗa ba. A wajen mai tsire araha ce. A bakin kogi gadin riguna ne. Na ƙara da cewa Inna ba ta yarda da kalmar ba sam. Duk wannan a tsugune, mutane suna can yunwa tana cin su. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"To," ya ce. "Tashi ka je inuwa. Wannan gindin nawa ne. Ban taɓa fita daga gonar nan na bar wani a bayana ba."

Na yunƙura zan tashi. A nan ne idona, da yake a ƙasa yake, ya faɗa bayan dugadugansa. Kiri-kiri ce, 'yar ƙarama, kore shar, a ɓangaren da ya nome da hannunsa. Na ce wa kaina, tashi ka tafi, an gama, ba ruwanka. Na ce wa kaina, wanda ya gyara wa surukinsa aiki a gaban jama'a ya gama neman aure a garin nan. Ƙafafuna suka ƙi miƙewa.

"Baba," na ce, "a gafarce ni. Akwai ɗaya a bayanka."

Abokina ya gaya mini daga baya cewa a lokacin ya dafe kai ya fara tunanin hanyar da za mu bi mu gudu. Tsohon ya juya a hankali. Ya duba. Ya sunkuya ya cire ta, ya ɗaga ta sama yana jujjuyawa kamar wanda ya tsinci abin mamaki. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya yi dariya, irin wadda ta daɗe a ajiye, har malfarsa ta faɗi. Mutanen Kausani suka ga haƙoransa, kuma ga giɓi a tsakiya.

Ya nome gindin ƙarshen, ya ɗaga fartanya sama, makaɗi ya ɓarke da kiɗa, aka yi kan akusa. Cikin hayaniyar nan ya ɗauki malfarsa ya karkaɗe, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Ka gaya wa baffanka ya zo ranar Asabar, bayan kasuwa. Amma ka ce masa ya fito da wuri, kada ya biyo halinmu."

Halinmu. Kakar ta ji, ta rangaɗa guɗa da 'yar muryarta ta tsufa, sauran mata suka kama. Na isa inuwa ban san yadda na isa ba. Yarinyar ce ke rabon fura. Ta miƙo mini ƙwarya, fuskarta a gefe, mayafi ya rufe rabin bakinta, amma ina ganin yana motsi.

"Sannu da isowa," ta ce a hankali. "Da mutum ɗaya nake jira kafin in ci abinci. Yanzu an ƙara mini."

Furar ta yi tsami har tana yankan harshe. Na shanye tas, na miƙa ƙwarya a ƙaro.